Ɗana ya faɗi ranar da fitilun sama za su dawo, yanzu ana ce masa infoma

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da gaggawa, abin da nake ciki ba na jira ba ne. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na yaye auta na shiga ajin manya na koya, kuma wannan magana ba wadda zan ba wani ya rubuta mini ba ce.

Muna zaune a wani ƙauye ta wajen Mairuwa, ƙasar Faskari. Ba sai na gaya miki yadda ɓarayin daji suka mayar da mu ba. Farkon kakar nan, bayan magariba, ina kwashe barkonon da na shanya sai na ji mata suna salati a maƙwabta. Na ɗaga kai na ga fitilu a sama, a jere kamar carbi, suna tafiya ba ƙara ko kaɗan. Da idona na gani. Wasu suka ce jirage marasa matuƙi ne ɓarayi suka sayo suna leƙen gidaje, wasu suka ce na soja ne, wata tsohuwa ta ce tashin duniya ne ya zo. Rabin unguwarmu cikin dawa suka kwana.

Ina da ɗa, shi ne na fari, don haka ba zan kama sunansa ba. Yana da rumfar cajin waya a bakin kasuwa. Washegari dattawa na maganar a majalisa, sai ya yi dariya ya ce taurarin ɗan'adam ne masu kai intanet, ba ruwansu da mu. Malam Mani, shugaban 'yan sa-kan garinmu, wanda ɓarayi suka kashe wa ƙane bara, ya ce ƙarya yake. Maimakon yaron nan ya ja bakinsa, sai ya duba waya ya ce a fito gobe bayan magariba, za su sake wucewa ta saman masallacin Juma'a. Anti, aka fito, suka wuce, daidai inda ya nuna.

Tun ranar ban sake barcin kirki ba. Cewa ake wanda ya san lokacin zuwansu shi ke kiransu. Aka tuno yana hawan dutse da waya, alhali duk garin can ake hawa neman sabis. Aka daina kai masa caji. Da aka kore shanu a ƙauyen da ke gaba da mu, aka ce ga sakamakon. Jiya ɗiyata ta dawo daga rijiya tana kuka, an ce mata ƙanwar infoma, mai kai wa ɓarayi rahoto. Kin san abin da ake yi wa wanda aka liƙa wa wannan suna a nan. Ba a kai shi gaban kowa.

Raina a ɓace yake. Mutanen da suka ci tuwon sunansa ne yau suke nuna shi da baki. Babansa ya ce mu bar wa Allah, ya ɗauki magirbi ya tafi gona. Da na ce zan je wurin mai gari da kaina, surukata ta ce ina aka taɓa ganin uwa ta tsaya wa ɗan fari, ko kunya babu. To kunyar ce za ta kwance shi idan aka ɗaure shi? Hukuma kuwa abu ya ratsa samanmu, gari ya watse, ba wanda ya zo ya ce mana ga abin da yake. Shi kansa yaron ji nake kamar in mare shi. Wa ya aike shi?

Ga kuma abin da ke cina a rai. Bara da damina na ga jirgi mai saukar ungulu ya yi ƙasa-ƙasa ta bayan daji, da ƙararsa da komai, ba a daɗe ba ɓarayi suka shigo mana. Har yau ban san na wa ba ne. Da na tuna masa, sai ya ce mu komai muka gani sai mu ce jirgin ɓarayi ne. To idan shi ne ya yi kuskure fa? Idan masu rubuta masa lokacin a waya yaudararsa suke?

Ƙanena da ke Funtua ya ce a turo shi. In ya tafi a ce ya gudu don ba shi da gaskiya, in ya zauna ban san ko zai ga ƙarshen kaka ba. Yaya zan yi?

Uwa cikin fargaba, daga ƙasar Faskari

Amsa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Rubutunki ya fito sarai, kuma fushinki yana kan hanya.

Ban ga fitilun ba, amma yadda kika siffanta su, a jere, shiru, jim kaɗan bayan faɗuwar rana, haka sababbin taurarin ɗan'adam suke bayyana. Suna can nesa fiye da inda jirgi ke kaiwa. Lokacin wucewarsu a buɗe yake ga duk mai waya, kamar yadda ake sanar da husufin wata tun kafin ranar, kuma ba wanda ke cewa mai sanarwar ne ya kama watan. A nan ɗanki ya fi kusa da gaskiya. Jirgin bara kuwa ban san na wa ba ne, shi ma bai sani ba, don haka bai kamata ya raina abin da kika gani ba. Abu biyu ne daban, kada a gwama su.

Mutanen garinku sun zalunce shi, amma tsoronsu ba na banza ba ne. Wanda ya binne ƙanensa, aka yi masa dariya a gaban jama'a, ba zai saurari bayani ba sai an wanke wannan dariyar.

Ya tafi Funtua, amma kada ya sulale. Da rana tsaka babansa da kawunsa su kai shi gaban mai gari da liman. Ya ba Malam Mani haƙuri kan raini, ba kan laifin da bai yi ba. Ya bar wayarsa a hannun mai gari, ya faɗi gidan da zai sauka. Kawun ya sanar da hakimi da ofishin 'yan sanda, don a san akwai masu bibiyar lamarin yaron. Bayan ya tafi, liman ya sa wani malamin makaranta da aka yarda da shi ya duba lokacin a tasa wayar, liman ya sanar da bakinsa. Ku faɗa tun yanzu cewa fitilun kan yi makonni ba a gan su ba, kada a ce tafiyarsa ce ta tsayar da su.

Kunyar ɗan fari ado ce a ranar lafiya. Ki nuna wa maigidanki wannan amsa, ki ce masa barin abu ga Allah bai hana tashi tsaye ba. In ya ƙi, ki riƙo hannun surukarki ku tafi tare, jikanta ne, ba wanda zai ce mata ba ta da kunya.

Marin da kike son yi masa ki ajiye shi sai ya dawo. Gobe kafin la'asar ya kasance cikin motar Funtua. Allah ya tsare miki shi, ya kawo muku zaman lafiya.

Antinku