Baƙin Man Inji a Hannun Malam Sule

Zuwa ga Mai Girma Darakta, makarantar koyar da aikin ordinater, wato kwamfuta, ta Treichville.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali. Ka gafarce ni da na shigo maka da magana cikin hidimominka, ni da ban saba ɗaga murya ba. Na rubuta da Hausa ne don da ita nake faɗin abu daidai, kuma na san akwai mai fassara maka a ofis.

Sunana Hadiza Malam Garba, daga Williamsville. Ina cikin ma'aikatan masaƙar da aka rufe, waɗanda aka turo muku mu koyi rubuta wa ordinater umarni da harshen injin da ake kira COBOL.

Na farko, godiya. Na ci jarrabawa, Alhamdu lillahi! Ni da na tashi da allo da tawada, na koyi baƙaƙen boko ina da 'ya'ya huɗu, yau wani kamfanin sufuri kusa da tashar mota ta Gare de Bassam ya ɗauke ni aiki. Ranar da na fara ganin injin ya bi abin da na rubuta ba tare da ya kama ni da kuskure ba, sai da na riƙe bakina kada in yi guɗa a aji. Matan gidanmu da suke cewa tsohuwa ta koma lakwal, wato makarantar boko, su ne suka dafa mini shinkafar murna. Yawancin abokan aikina ma sun ci. Masu cewa kan lebura ba ya ɗaukar wannan karatu, to ga mu nan.

Na biyu, kukana. Kun sa doka a duba hannun kowa a ƙofar ɗakin injuna. Na yarda injin ba ya son datti, ban musa ba. Amma mu na masaƙa kaɗai ake dubawa, yaran da suka fito daga lise, wato sakandare, wucewa suke yi. Ni kaina an taɓa mayar da ni saboda lallen sallah, na bi gbaka, motar hayarmu, na koma gida Adjamé.

Nawa mai sauƙi ne, lalle yana fita. Malam Sule, makanikin da ya yi shekaru yana gyara mana injunan saƙa, baƙin mai ya zauna masa cikin fata da ƙarƙashin farce. Na ga ya wanke da sabulu, da toka, da lemun tsami, har yatsunsa suka tsage. Mutum ne mai alwala sau biyar. Hannun nan tsarkakakke ne, launi ne kawai ya ƙi tafiya. Duk da haka ba a taɓa barinsa ya zauna gaban injin ba.

Kada in ɓoye maka komai: a takarda yake rubuta nasa umarnin, ni nake buga masa a cikin lokacina, da sanin malaminmu. Wani umarnin yana tafiya, wani yana tsayawa, kamar na kowa, ya karɓa ya gyara a tsaye a baranda. Ya ci jarrabawar takarda. Ta gaban inji kuwa an rubuta bai zo ba, alhali yana bakin ƙofa tun safe. Ba shi da diplom ke nan, wato takardar shaida, kuma kamfanoni suna gama ɗaukar mutane kafin azumi. Yana da iyali, masaƙa kuma ba za ta sake buɗewa ba.

Na uku, roƙona. A ba shi farin ƙyalle ya goge hannunsa a gabanka. In ƙyallen ya ɓaci, na janye maganata a bainar jama'a. In bai ɓaci ba, a sa masa ranar jarrabawa. Dokar kuma, ko a duba kowa, ko a ajiye ruwa da sabulu a ƙofa a bar mutane da mutuncinsu, domin ga 'yan'uwanmu na tashar jirgin ruwa nan tafe a aji na gaba, hannuwansu ba su fi nasa haske ba.

Allah ya ƙara maka girma, ya raya zuriyarka, ya sa makarantar nan ta ɗore. Don Allah ka amsa mini da wuri, tun kafin a ga wata.

Wassalam.

Hadiza Malam Garba
Williamsville, Adjamé