Ranar da Zan Juya wa Teku Baya

Ingleses, ƙarshen watan Afrilu

Zuwa ga Griselda, baƙuwar da ta zo da kaki ta koma da hankalina, sanyin idona, inuwata a ranar da rairayi ke ƙona tafin ƙafa,

Gaisuwa mai yawa daga tsibirinmu zuwa bakin koginku na Posadas a Ajantina. Ina fata kina lafiya, da mahaifiyarki, da karen nan naki mai kunne ɗaya da kika nuna mini a waya. Saƙon murya bakwai na aika miki, na ga alamar kin saurari duka, ba ki amsa ko ɗaya ba. Shi ya sa na nemi takarda. Ita ba ta nuna wa mutum cewa an karanta shi an yi shiru, sai ya ci gaba da sa rai abinsa.

Masoyiyata, kin san kallo ne sana'ata. Laimomi da kujerun da nake ba masu yawon buɗe ido haya a lokacin zafi, na riƙe ciki ne kawai. Aikina na gaskiya sai sanyi ya shigo: in hau dutse da asuba, in zuba wa teku ido har garken kifin tainha ya bayyana, in kaɗa farar riga, masunta su tura kwale-kwale. Shekara goma sha tara ina wannan. Daga can sama nakan bambanta inuwar girgije da inuwar kifi, in ce musu dubu biyar ne, a ja taru a ƙirga a samu kusan haka. To yaya aka yi ke, da kika yi wata biyu kina wucewa ta gaban laimomina safe da yamma, har yau ban gama gane ki ba?

Tun ranar farko kika ɗaure mini kai. Mun ji labarin bana ma an aro 'yan sanda daga Ajantina saboda mutanenku da ke cika mana bakin teku su ɓatar da fasfo, su ɓatar da makullin mota, su ɓatar da juna. Sai ga ki tafe da Saje Teodoro namu, shi da bindigarsa da tumbinsa, ke da kakin da ba irin namu ba da ɗamara wayam, babu komai a jikinta. Na tambaye shi a gefe, ya ce, "Ai ko kaza ba ta da ikon kamawa a ƙasar nan, Miro. Rakiya ce nata da bakin magana." Na yi dariya, na ce to mene ne amfanin ɗan sandan da ba ya kamu? Allah ya sa ba ki ji ni ba. In kuma kin ji, wannan takarda ta zama ban haƙuri.

Kin tuna ranar Don Eleuterio? Tsoho ɗan tamanin da jar hula, tsaye a ruwa iya idon sawu, yana kuka yana kiran sunan matarsa da ta rasu tun tuni. Bai san masaukinsa ba, bai san da wa ya zo ba. Saje ya zaro oba-obarsa yana neman wanda zai kai wa rahoto. Ke kuwa kika kama hannun tsohon, kika yi masa magana a hankali da harshenku, kina ce masa Kaka, har kukan ya tsaya. Sannan kika juyo kaina kika ce, "Kai mai laima, ara mini sandar laimar nan, kuma ka zo da ita." Ko sunana ba ki tambaya ba. Kika ɗora jar hular a kan sandar, kika sa na ɗaga ta sama, kika fara tafi.

Tafin neman yaro ba baƙo ba ne a wurinmu, a hannun mutanenku muka koya: a saɓa yaron da ya ɓata a kafaɗa, a yi ta tafi har uwarsa ta ɗago kai. Amma tsoho? Wa zai saɓa tsoho? Wa ya taɓa tunanin hula za ta tsaya a madadin mutum? Na bi ki riƙe da sanda kamar mai tuta, kunya kamar ta kashe ni, ina jiran abokaina masu sayar da masara su fara yi mini tsiya. Sai na ga mutane na tashi daga kan tawul ɗinsu, tafin ya kama layin farko, ya tsallaka na biyu, ya bi gaɓar nan har ƙarshenta. A nan idona ya yi aikinsa. Can nesa wajen bakin rafi na hango mace guda tana gudu saɓanin yadda jama'a ke tafiya, na ce miki, "Ga 'yarsa can, mai koren zani." Kika duba, ba ki ga komai ba. Da ta iso tana haki ta rungume ubanta, kika kalle ni kika ce, "Wane irin ido ne da kai?" Hasken raina, ba a taɓa yi mini tambayar da ta hana ni cin abinci ba sai wannan.

Daga ranar kika mai da laimata ta uku wurin hutawarki. Kikan zo da butar ruwan zafi da ɗan ƙoƙon shayinku mai ɗaci, ki miƙo mini tsinken ƙarfe mai rami in zuƙa, in haɗiye da ƙyar ina ce miki da daɗi. Ƙarya nake yi, Griselda, har yau ɗaci nake ji, amma na sayi ƙoƙo nawa. Ni kuma in zauna ina kallonki ina tara tambayoyi. Me ya sa kike zama kullum bayanki na jingine da wani abu? Me ya sa kike ƙirga ƙofofi in mun shiga gidan cin abinci? Me ya sa ranar da salansar babur ta fashe, hannunki ya kai ƙugunki na dama kafin ƙiftawar ido, ya tarar babu komai, sannan kika yi dariyar da ba ta kai ido ba? Wace ce wannan mace da ke leƙowa ta koma? Ina son wadda ke tafi, amma wallahi waccan ma ina so in san ta.

A tashar mota, ranar da za ki koma, kika ba ni amsar da ban nema ba. Kika kira ni da sunana na yanka, ba Miro ba, kika ce, "Osvaldir, matar da ka sani wata biyu kacal ta yi a duniya. A gida in na shiga unguwa shiru ake yi, iyaye su ja 'ya'yansu ciki. Ba za ka so waccan ba." Kika ƙara da cewa baɗi ba ke za a turo ba, juyi ake yi, kowa da shekararsa. Mota ta tashi. Bakina nauyi gare shi, wata biyu ya ɗauka kafin ya samo abin faɗa. Ga shi yanzu.

Ke ma mai laima kawai kika sani, mutumin zafi mai fara'a da kowa. Ba ki san mutumin sanyi ba. Shi leɓensa a tsage yake da gishiri, rigarsa ƙarnin kifi, yakan yini bai furta kalma goma ba, kuma bayansa kawai duniya ke gani. Dokar aikin ke nan: mai duban kifi ba ya juya wa teku baya, domin garke kan wuce cikin ɗan lokacin da za a kunna taba, kuma abincin gida arba'in ne ya wuce. Mahaifiyata Dona Zulma takan ce, "Wannan ɗa nawa, ranar jana'izata ma ta taga zai riƙa leƙen ruwa." Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Shekara goma da suka wuce an kusa ɗaura mini aure. Yarinyar ta hau dutsen nan da kanta tana da maganar da ke cin ta, na amsa mata ban juyo ba. Na ji saukarta, ban juyo ba. Ba ta ƙara hawa ba, kuma gaskiyarta ce. Kin ga ni ma ina da wanda nake tsoron ki gani.

Don haka ga roƙona, abar ƙaunata. Kin ce kina da hutun mako biyu a watan Yuni. Ki zo ba kaki, ba rakiyar Saje, ba wanda ya aro ki. Ki ga gaɓar nan babu laima ko ɗaya, sai iskar kudu da tsofaffi masu ɗinkin taru. Ki ci talgen garin rogo da romon kifi daga hannun mahaifiyata, ta yi miki tambayoyin da suka fi nawa yawa. A watan Agusta ni kuma in hau motar nan ta awa goma sha huɗu in zo Posadas, in ga matar da ake yi wa shiru. Ina so in ga yadda take tafiya da bindiga a ƙugu, da abin da take yi in ta cire ta. In ta tsorata ni zan faɗa miki gaskiya, amma ki bar ni in gani da idona, shi kaɗai ne abin da na iya.

Ga kuma alkawarina. Hanyar dutsen ta bayan ɗakin ajiye kwale-kwale take, ba ta da wuyar ganewa. In kin hau, kada ki kira sunana. Ki yi tafi uku. Zan juyo, ko da teku ta yi baƙi da kifi. Na riga na gaya wa Seu Aparício, mai tarun da nake yi wa duban kifi, don kada ya ce na ci amanarsa. Ya cire taba daga bakinsa ya ce, "Kai Miro, da furfurarka? In garke ya wuce saboda mace, ka sauko ke nan, wani zai hau." Na ce masa na ji. Dutsen nan shi ne duk abin da na mallaka, ubana ya tsaya a kansa kafin ni, kuma na san Seu Aparício ba ya magana biyu.

Jibi za a buɗe kamun bana. Daga ranar idona na kan ruwa kamar kullum, amma karon farko cikin shekara goma sha tara, kunnena yana baya.

Naki a zafi da sanyi, ko kin hau ko ba ki hau ba, har ranar da idon nan zai daina gani,

Osvaldir, mai laima ta uku