Gurbin da Ban Cike Ba a Zagaye na Tara

Ya Luningning, zaƙin rake a ƙarshen rani, inuwar mangwaro da tsakar rana, ruwan fari a gonar da ta gaji da jira,

Sau huɗu na rubuta wannan gaisuwa. Wannan ce ta fi dama-dama.

Ranar da kika tattara kayanki kika tafi gidan yayarki a Batangas, kin ce na fi son littattafan da nake rubuta wasan ƙwallon besbol a ciki a kanki. Ban amsa ba, don ina so in duba tukuna. Na duba.

Shekara ashirin da biyu ina zama a benci na uku, ina rubuta kowane jifa da kowane bugu na ƙungiyar Ɓaunayen Santa Ines da fensir. Ina da ranar da Kuya Teryo mai jifa ya fitar da mutum goma sha bakwai. Ina da ranar da akuya ta tsayar da wasa minti tara. Yanzu ƙungiya za ta cika shekara hamsin, ana haɗa tarihinta, sai Mang Isko manaja ya zo karɓar shafin ranar da muka ci kofi, kofin da ba mu da wani sai shi.

Na buɗe. Zagaye na tara, na ƙarshe, mutum biyu sun fita, ɗan wasanmu Dimaano riƙe da sandar bugu. Gurbin da zan rubuta bugunsa babu komai a ciki.

Kin tuna? Ke ce baƙuwar da ta zauna kusa da ni tana cin ɗanyen mangwaro da gishiri, kika tambaye ni ko jarrabawa nake rubutawa. Na juyo in yi miki bayani, sai fili ya kaure da ihu. Mutum dubu shida sun ga ƙwallon da Dimaano ya buga ta haye katanga ta ciyo mana kofi, ni kuwa gishirin da ke gefen leɓenki na gani. Wa zai bi ƙwallo da ido alhali wata ya sauko benci na uku?

Mang Isko ya ce, "Doring, kowa ya san abin da ya faru, cike kawai." Na ce ba na rubuta abin da ban gani ba. Ya ce shi ya sa matata ta gudu. Mai yiwuwa yana da gaskiya.

Ga shafin nan na yago miki. Ban taɓa yage shafi ba sai yau. Tarihin zai fito da giɓi. Hujjata ke nan, ban san ko ta isa ba.

Lahadi akwai wasa ƙarfe uku. Zan riƙe miki wuri, da mangwaro. Ba zan zo da fensir ba.

Naki har abada, kuma wannan da biro na rubuta,
Doring