Rasuwar Goggo Blagitsa da Wasiƙar da Ta Kwana a Kwali

Cikin alhinin da ya hana mu kunna murhu yau kwana tara ke nan, Ƙungiyar Mata Masu Gasa Tattasai ta ƙauyenmu da ke gundumar Strumica tana sanar da jama'a rasuwar shugabarta kuma wadda ta kafa ta, uwarmu, Uwargida Blagitsa Naumova, wadda ciwon dajin nono ya yi ajalinta tana da shekara hamsin da takwas, tare da miƙa ta'aziyya ga maigidanta Baba Risto, da 'yarsu Zorka, da dukkan dangi.

Wannan na sama sakatariyarmu Yagoda ce ta tsara. Daga nan ni ce, Sevda. Ban yi makaranta ba, ina faɗa ne tana rubutawa, kuma na roƙe ta kada ta gyara mini magana.

Shekara ashirin da biyu Goggo Blagitsa tana riƙe da ƙungiyar nan. Da mata huɗu da murhu ɗaya ta fara, yau mu talatin da ɗaya ne, kuma ayvar ɗinmu, miyar gasasshen tattasai da muke ɗurawa a kwalba, har babban birni ake nemansa. Ranar da na zo neman aiki da jariri a hannu ba ta tambayi addinina ba, hannuna ta duba ta ce, "Wannan zai iya ɓare tattasai mai zafi. Kwantar da jaririn can nesa da hayaƙi." Ita ta koya mini rubuta sunana, da gawayi, a jikin kwali.

A watan Agustan bara ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu. Aka ɗauki hoto a asibitin gari, aka ce za a aiko mata da ranar da za ta je babban birni a ɗebi ɗan naman wurin a gwada. Ta ba da adireshin ƙungiya don gidanta yana kan tudu, wasiƙa ba ta kaiwa can da wuri. Sai lokacin tattasai ya shigo. Duk ɗan garin nan ya san maganarmu: biki, ciwon haƙori, ziyarar dangi, komai sai "bayan tattasai". In muka tambaye ta labarin asibiti sai ta ce, "Su ma sun san bayan tattasai ne." Mu yi dariya. Ƙungiya ta ce in faɗa a fili cewa dariyar nan ta yi mana daɗi, don muna bukatar hannunta a bakin tukunya. Babu wadda ta ce mata tashi mu je mu tambaya.

Saura nawa laifin. Yagoda ta ce in ci gaba.

Wasiƙar ta zo. Farkon Satumba mai kawo wasiƙu ya ba ni ita a hannu. Ambulan fari mai 'yar taga, irin wanda ake aiko mana da takardun mannawa a kwalba. Ban iya karanta sunan da ke jiki ba, na jefa shi cikin kwalin takardun, na koma murhu. Sai a Disamba, muna manna takardu, Yagoda ta zaro shi ta karanta. Ranar gwajin ta wuce da wata uku. Mu uku ne a ɗakin. Goggo ta dube ni, na fashe da kuka. Ta karɓi wasiƙar ta jefa a murhu, ta ce, "Ke 'yar nan, daina kuka kada ki sa mini gishiri a ayvar. Laifina ne, sunanki na koya miki, ban koya miki nawa ba. Kada in ji wannan a bakin ɗayarku."

Aka sake sa ta a layi, gwaji a Fabrairu, sakamako a Afrilu. Lokacin ya riga ya kai hanta, aka ce tiyata ba za ta yi amfani ba. Ta karɓi ƙarin ruwan maganin daji sau biyu, ta ce ya isa, gida take so. Likita ya ce ba wanda zai iya rantsewa watannin nan ne suka yanke hukunci. Ni dai kullum in ina wanke 'ya'yana biyu ina lissafa watannin.

Zorka, ranar jana'iza kin tare mai kawo wasiƙu a ƙofar coci, kin ce bai kawo wasiƙar asibiti ba, shi ya kashe miki uwa, tsohon ya sunkuyar da kai. Bai yi laifi ba. Ni ce. Na karya alkawarin Goggo don ba zan iya cin dafaffiyar alkamar addu'ar arba'in ɗinta ana zagin wani a madadina ba. Ina tsoron idonki, ina tsoron a ce in bar aikin da nake ciyar da yara da shi. Duk abin da ku da Baba Risto kuka yanke, na karɓa.

Ƙungiya ta yanke cewa duk wasiƙar da ta shigo za a karanta ta ranar, da ƙarfi, a gaban kowa, kuma duk wadda asibiti ya kira za ta tafi ko da tattasai yana ƙonewa a kan wuta. Allah Ya jiƙan uwarmu, Ya ba Baba Risto da Zorka ƙarfin ɗaukar wannan rashi.

Suna biyu za ku gani a ƙasa, duka da hannuna. Yagoda ta koya mini na biyun. Kwana uku kawai ya ɗauke ni.

Sevda Demirova
Mai ɓare tattasai, a madadin ƙungiya

Blagitsa