Jan Farce a Jikin Giya

Litinin, 3 ga Maris

Mai ɗinki ce take rubuta min, maƙwabciyata. Ni ko sunana sai dai in dangwala yatsa. Na ce mata yadda na faɗa haka za ta sa, kar ta gyara min baki.

Yau Malam, maigidana, ya tafi ya bar ni a cikin mota tana gudu. Ba fita ya yi ba. Yana nan a kujerarsa, hannu a kan sitiyari, amma babu shi. Daga asibiti muke, an duba masa suga. Daidai gangaren nan na wajen masu walda na ga wuyansa ya langaɓe. Na ce Malam. Shiru. Malam! Mota tana ta cin gefe, ta nufi tulin yashin masu bulo. Ni kuwa hannuwana suna cikin mayafi a kan cinya, inda suka saba zama. Ban taɓa komai ba. Me zan taɓa?

Allah ya sa ya farka ya taka birki. Wai rami ya kauce wa. Babu wani rami a wurin, ni da idona.

Laraba, 5 ga Maris

Na ce masa ya haƙura da tuƙin nan. Ya dube ni kamar na zagi uwarsa. Ya ce tun ba a haifi likitan da yake duba shi ba yake jan manyan motoci, ranar da aka karɓe masa mukulli a haɗa da likkafani. Ya ce in Auta ya ji maganar nan a bakina, to.

Auta ɗanmu ne, shi ya sai masa motar, irin mai canza giya da kanta, saboda gwiwarsa. Yana can wajen aiki, sai ƙarshen wata. Kuma kafin nan akwai komawa asibiti, ran Alhamis ta sama ta sama. Gangaren nan dai za mu sake bi, babu wata hanya.

Tun ina amarya dokarsa ɗaya ce: a mota kar ki taɓa komai. Ko gilashi shi yake sauke min. Na bi. Ga inda biyayya ta kawo ni.

Asabar, 8 ga Maris

Yau matar Auta ce da biro. Dole na gaya mata, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma wannan ya fi ƙarfin cikina.

Ta tashi za ta kira mijinta, na riƙe mata zani. Ta ce to ita za ta kai mu ranar, za ta nemi izini a wajen aiki, ai ta iya mota. Ta je ta durƙusa ta faɗa wa Malam da ladabi, wai don ya huta. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ranar da na mutu kya ja ni." Ta dawo ido ya yi ja.

Ta ce, "Mama, to ke za ki koya." Na ce ni? Da furfurar? Ta ce ba tuƙi ba, tsayarwa kawai. Amma da sharaɗi, Auta yana sauka za ta faɗa masa komai. Na yarda. Rubuta cewa na yarda, kar gobe in musa.

Lahadi, 9 ga Maris

Ban yi barcin kirki ba. Shi kuwa har da munshari.

Talata, 11 ga Maris

Bayan azahar da ya kwanta muka lallaɓa rumfar mota kamar ɓarayi. Mukullin a aljihun rigarsa yake, a rataye a ƙusa. Ni na zaro shi.

Na zauna a kujerata, ita a tasa. Ta ce, "Mama, in abin ya sake faruwa me za ki fara yi?" Na ce in murɗe mukulli in zare mana, kamar yadda ake kashe risho. Ta dafe ƙirji. Ta zare mukullin, ta ce in juya sitiyari. Na juya kaɗan, ya ce ƙas, ya kafe. Na sa hannu biyu, ko motsi. Ta ce to haka zai kulle a kan titi, mota tana gudu, inda ta dosa nan za ta. Ashe da na yi dabarata rannan, da ni na kashe mu.

Ta nuna min sandar nan ta tsakaninmu, giya. Akwai baƙaƙe a gefenta, ta ce wannan na tsayawa, wannan na baya, wannan na gaba. Na ce 'yar nan, ni duk tafiyar tsutsa nake gani. Ta yi dariya, ta shiga ɗaki ta ɗauko jan farcenta, ta ɗiga ja a gefen guda ɗaya. Ta ce in sanda ta zo daidai jan nan, inji ya rabu da taya. Ko ƙafar Baba ta danne totur, ihu kawai motar za ta yi, ba za ta ƙara gudu ba.

Na ce ja dai na san shi.

Laraba, 12 ga Maris

Abu uku ta ce in riƙe: tura, riƙe, ja. In tura giya gaba zuwa jan. In miƙa hannun dama in riƙe sitiyari. In ja birkin hannu da hagu, wannan ƙarfen da nake ɗora jakata a kai shekara da shekaru, ban san shi ne mai ceton rai ba. Ta ce a danna ɗan kan nasa da babban yatsa, a ja a hankali, kar a fizga, in aka fizga mota juyawa za ta yi.

Yatsuna sun ƙi. Sanyin ƙashi. Sai da na yi ta yi.

Ta kuma kama ni da laifi. Bel ɗin nan ta bayana nake zagaya shi in maƙala, don motar ta daina ƙara, ba na son yana danne min ƙirji. Ta ce, "Mama, motar kike yaudara ko kanki?" Yarinyar nan ta fara raina ni. Na dai sa.

Akwai wani maɓalli ja mai kusurwa uku, in an danna fitilu su yi ta ƙyafta ido, na baya su san akwai matsala. Shi na fi so, ba ya cizo.

Asabar, 15 ga Maris

Mai ɗinki ce yau. Tana ta dariya wai na zama ƙaramar direba, in na samu lasin in riƙa kai mata kaya kasuwa. Ki yi dariyarki, ba ke ce a gangaren ba.

Ina tankaɗe ina cewa tura, riƙe, ja. Malam ya ji, ya ce wane wuridi ne wannan? Na ce na ciwon baya ne.

Jiya matar Auta ta tayar da motar a rumfa, ta sa giya a jan, ta taka totur don in ji ihun. Wayyo. Kamar ana yanka ta. Na toshe kunne. Ta cire min hannuwa ta ce, "Hannun da ya toshe kunne ba zai ja birki ba."

Talata, 18 ga Maris

An goge jan.

Kullum da safe yana wanke motarsa, ciki da waje, har da tsohon burushin haƙori yake bin lungu. Yau na leƙa na ga wurin fes, yana warin kananzir. Ya ce wani ɗan banza ya ɗiga masa fenti a mota. Yana faɗa yana kallona. Na sunkuyar da kai.

Mukulli kuma ya bar ƙusa, ya koma ƙarƙashin matashinsa.

Laraba, 19 ga Maris

Gobe ne. Matar Auta ta zo, babu halin shiga mota. Na ce shi ke nan, makauniya aka ƙwace wa sanda. Ta kama hannuna ta ɗora a kan muciya ta tsayar da ita a ƙasa tsakanin ƙafafunta. Ta ce, "Mama, ba kya buƙatar ido. In mota tana tafiya gaba, ki tura sandar gaba da tafin hannu, kar ki matse maɓallin da ke jikinta. Taki ɗaya za ta yi ta tsaya da kanta, nan ne jan. In kika matse ne za ta zarce ta shiga ta baya." Tafin hannu a buɗe, kamar za ki ture yaro daga wuta.

Ta sake roƙonsa ta kai mu, ko a ɗauki tasi. Ya ce a gaishe ta.

Na ce mata in ban dawo ba, 'yan kunnena na cikin kwalla nata ne. Ta ce in daina. Ba ta so ta rubuta, na ce sai ta rubuta.

Juma'a, 21 ga Maris

A bencin asibiti muke, Mai ɗinki ta kawo mana ruwan zafi. Rubuta, ko na samu ya fita daga kaina.

Likita ya ce ran Alhamis ya zo ba tare da ya ci komai ba, saboda gwajin jini. Bai ci ba. Amma ya sha ƙwayarsa ta suga, wai shi ba ya tsallake magani. Ban sani ba sai daga baya.

Tun a ƙofar gida na ga gumi a goshinsa, da sanyin safiyar nan. Na sa bel ta gaba. Ya kalle ni. Na sauke jakata ƙasa, na fito da hannuwana daga mayafi.

Mun wuce gidan mai. Mun hau kan gangaren. Yana cikin yi min faɗan wani mai babur, maganar ta narke a bakinsa. Kai ya faɗi. Ƙafarsa ta miƙe, motar ta zabura kamar an tsikare ta. A ƙasa ga motar ɗaukar yara ta tsaya tana lodi.

Kin san ina hannuna ya tafi? Mukulli. Wallahi har na taɓa shi, na ji sanyin ɗan abin yankan farcen da yake rataye a jiki. Sai na ji ƙas ɗin nan a kunnena. Na janye.

Na duba giya, babu ja, babu komai. Na buɗe tafin hannu na tura. Ta yi taki ɗaya ta tsaya. Motar ta kurma ihu, ihun da ya fi na rumfa sau nawa, na ce na shiga uku na ɓata ta. Amma ba ta ƙara fizga ba. Na kamo sitiyari, kafaɗarsa ta danne min hannu, nauyi kamar buhu. Na karkata shi gefen yashin. Na danna, na ja. Raina yana cewa fizga, fizga, na ce a'a. Na ja, na ja. Wani wari ya tashi. Muka shiga yashin masu bulo da gefe, bel ya shaƙe ni, muka tsaya.

Masu walda suka yo gudu. Ɗaya ya zura hannu ya ɗage ƙafar Malam, ihun ya mutu. Yana ta cewa, "Baaba, sake birkin, an tsaya, sake." Na kasa. Yatsa ɗaya ɗaya ya ɓamɓare min.

Maɓalli mai kusurwa uku kuwa, wanda na fi so, na manta da shi sam.

Likitoci sun ce sugansa ne ya faɗi ƙasa. Ya farfaɗo. Auta yana hanya.

Litinin, 24 ga Maris

An sallame mu. Auta ya yi faɗa, ya yi kuka, ya yi wa matarsa faɗa, na ce kar ya kuskura. Ya nemi mukulli, uban ya ce ba shi zai ba wa ba.

Da suka fita Malam ya kira ni. Ya daɗe yana kallon silin. Ya ce, "Na san ko jan mene ne. Shi ya sa na goge." Ya zaro mukullin daga ƙarƙashin matashi ya ajiye a gefen tabarmata. Bai miƙo min a hannu ba, a ƙasa ya ajiye.

Lahadi, 30 ga Maris

Babu wani labari. Matar Auta ce za ta riƙa kai mu asibiti, shi a baya. Ya ce ta cika taka birki.

Mota in ta daɗe a ajiye batir yana mutuwa, in ji shi, dole a riƙa ɗumama ta da safe. Shi likita ya hana shi zama a kujerar direba. To wa zai yi? Ya sa an kai masa kujera bakin rumfa, yana ba da umarni ta taga. Ƙafar dama kaɗai. Mai faɗin shi ne birki, taka shi kafin ki murɗa. Ba haka ba! Na ce Malam, in za ka yi min tsawa in fita. Ya sauke murya.

Ba tuƙi nake koya ba, kar ki rubuta haka. Ɗumamawa ce kawai. Ƙafata ce ba ta kai ba, shi ya nuna min ƙarfen da ke ƙarƙashin kujera, na ja ta gaba. Madubin ma na ɗan sauke shi, ba na ganin komai sai rufi.

Da na fito na bar kujerar a inda na ja ta. Ya gani. Bai ce in mayar ba.