Takalmin da Aka Kai Gaban Bagadi

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara miki ƙarfin tsayuwar da kike yi a wurin aiki, ya tsare fitarki da shigarki. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Mama ta ɗan lafa, har ta koma zuwa Misar safe a coci da sandarta, kuma duk wanda ya kama mata hannu sai ya sha faɗa. Maigidana yana nan da ciwon bayansa da ƙin shan magani. Tagwayena sun fara haƙori, gidan ba a jin maganar kowa. 'Yarki Gimbiya kuwa ta yi tsawo, ta kusa kamo ni, na sake sakar mata lafin siket.

Yaya, ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki biro ba. Akwai maganar da na kasa faɗa miki a waya, don na san halinki, kafin in kai tsakiya kin yanke hukunci. Don Allah ki karanta har ƙarshe.

Da azumi ya kama, Sista shugabar makarantar su Gimbiya ta roƙi kowane gida ya kawo kayan da yara suka daina sawa, a tara a akwati guda, a raba wa ɗaliban da iyayensu ba su da hali, a asirce. Mu 'yan ƙungiyar iyaye muka wanke muka goge, ni na kai masu yagewa shagona na ɗinke. Sai katikis, malamin addini na cocinmu, ya kawo shawara, da zuciya ɗaya kuwa, cewa a Misar makaranta kowane yaro ya ɗauki nasa da hannunsa ya kai gaban bagadi lokacin baiko, wato miƙa sadaka, don yara su koyi bayarwa tun suna ƙanana. Duk muka ce madalla. Babu wanda ya tuna cewa idon yaro ba ya mantuwa. Gimbiya ta ɗauki baƙin takalmin nan da kika aiko mata, mai ƙarfe ruwan zinariya a gefe, wanda ya matse ta, ta ratsa tsakiyar coci da shi a tafin hannu, makaranta gaba ɗaya tana kallo.

Da aka yi rabo, takalmin ya faɗa wa 'yar maigadin makarantar, wadda suke zama benci ɗaya da Gimbiya, ƙawarta ta ƙut da ƙut. Ranar da ta sa shi, ba a kai ga tashi tara ba yara suka gane. Wasu suka riƙa kiranta mai takalmin baiko, wata ta ce ta durƙusa ta gode wa uwar ɗakinta. Yarinyar ta cire takalmin ta ajiye a gaban Gimbiya, ta fita da safa, ta wuce ubanta a bakin ƙofa kanta a ƙasa. Tun ranar ba ta dawo ba. Ga jarrabawar ƙarshe ta matso, wadda da ita ake zaɓen waɗanda cocin zai ɗauki nauyin karatunsu na gaba, kuma malamai sun ce babu wanda ya kai ta a ajin. In ta rasa wannan, ƙofa ta rufe mata. Garin neman gira mun rasa ido.

Sista da Fada, limamin cocinmu, suka je har ɗakin maigadi suka ba shi haƙuri. Ya ba su bencinsa, shi ya tsaya. Ya ce bai riƙe kowa a zuciya ba, ya san alheri aka nufa. Amma ya lura akwatin nan hannu biyu gare shi, mai sawa da mai ɗauka, kuma kullum hannayen ba sa canja wuri. Ya ce ranar da ɗan mai bayarwa ya ɗauki abu daga ciki ya sa a gaban kowa, ranar 'yarsa za ta koma aji. Sista ta ce gaskiya ya faɗa, ta sanar cewa daga yanzu akwatin na kowa ne. A taron iyaye kuwa sai ki rantse wuta aka ce a taɓa. Matar likita ta ce fatar ɗanta ba ta son kayan wani, mai kantin littattafai ya ce tsari ne mai kyau ƙwarai amma a fara da ƙananan aji, inda ba shi da ɗa. Kowa ya yaba, babu wanda ya miƙe.

Gimbiya ce ta miƙe, amma a gida. Ta rame, abinci sai na tsaya a kanta. Ta ce mini ita ce ta ɗaga takalmin sama kowa ya gani, don haka ita za ta fara ɗauka. Na san gwanjo muka tashi da shi ni da ke, na san kin yi alkawari 'yarki ba za ta taɓa sa abin da wani ya cire ba, kuma wannan alkawarin ne ya raba ki da gida. Ba zan karya miki shi a bayan idonki ba. Ina kuma tsoron yaran nan su juya kanta, ki ce na bar 'yarki ta zama abin dariya. Amma ina tsoron ɗayan ma, in hana ta, ta girma tana ganin wuyar da kike sha ita ce ta raba ta da ƙawarta.

Jiya matar maigadi ta zo shagona da ƙullin leda. Rigar sanyin 'yarta ce, mai faci a gwiwar hannu. Ta ce yarinyar da kanta ta ce a saka a akwatin, su ma suna da abin bayarwa. Gimbiya ta karɓe ta daga hannuna, ta wanke, ta goge, ta rataye a bayan ƙofa. Yau da safe ta tsaya ta dubi rigar, ta dube ni, ta ɗauki jakarta ta fita.

Mama tana gaishe ki, ta ce ki rage aikin kwana. Maigidana, Kawu da iyalinsa, da Gwaggo ta bayan coci duk suna miƙa gaisuwa. Ki gaida mana abokiyar zamanki. Yaya, ki kira da zarar kin karanta, kuma ba ni za ki nema ba, Gimbiya za ki ce a ba wa wayar. Ta ce ba za ta sa rigar ba sai ta ji daga bakinki, jarrabawa kuwa ba za ta jira mu ba.

Taki har kullum,
Ƙanwarki, maman tagwaye