Jar Saniyar Jaye

Alhamis, 18 ga Oktoba, 1962

Alhamdu lillahi, kwalin ya iso. Chindo direba ya sauke mini shi da hantsi, yana mitar wai duwatsu aka cika a ciki. Littattafan polis guda shida Yaya Hashimu ya aiko daga Yamai, da jarida. Sai da na yi ajiyar zuciya. Sati uku ke nan da aka turo ni koyarwa Gidan Rumji, guda ɗayan da na zo da shi na karanta har sau uku, har na fara jin tausayin mai kisan.

A jaridar wani ya cika shafi guda da ƙorafi. Wai littattafan nan da sinimar 'yan fashi da ake nunawa a birane su ke koya wa yara sata. Wai mun samu 'yancin kai, bai kamata mu ɗauko ɓarayin Turawa mu ƙara a kan namu ba. Har da cewa a Faransa akwatin talabijin ke kai su cikin ɗaki yanzu, mu ma mu shirya. Raina ya ɓaci. Ni abin da na koya a ciki buɗe ido ne. Zan rubuta masa amsa, sai ya gane kurensa.

Da la'asar na fara ba matan gida labarin na farko da Hausa, suna ɓarar gujiya. Gwaggo Shatu, wadda aka sauke ni gidanta, "littattahan kama-ɓarawo" take ce musu. Mairama, Bafulatanar da ke kawo mana nono, ta sauke ƙwarya ta zauna har na kai aya. Ita kaɗai ce ba ta katse ni. A garin nan ita na fara kira ƙawa.

Lahadi, 21 ga Oktoba

Kasuwa. Mai shela ya zaga yana cigiyar jar saniya ta wani mutumin Cadakori, kunnen dama a tsage. Na gama littafi na biyu. Tun a tsakiya na gane kukun ne ya sa gubar. Ba yabon kai ba.

Alhamis, 25 ga Oktoba

Babu lakol yau, makaranta a rufe, na bi Mairama rugarsu, can bayan gonakin da aka girbe. Na sha fura mai kyau. Amma ba ita ce maganar ba.

Mijinta Jaye, kowa ya san ciwo ya share masa garke bara, saura biyu ramammu. Yau uku na gani. Ta ukun ja ce, ƙosassa, da tsohon ciki, kunnenta na dama a tsage. Nasa biyun kuwa a hagu aka yi musu shaida. An ɗaure ta daban bayan bukka da sabuwar igiya. Da hannu yake ba ta dusa. Da ta tura baki cikin ƙwaryar Mairama ko sanda bai ɗaga ba, magana kawai ya yi mata a hankali da Fulatanci.

Na tambayi Mairama ta wa ce. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ta wani ce, Madam." Na ce wane wanin? Sai ta ja bakin zane ta rufe fuska, ta tashi wai za ta duba wuta.

Ga kunne, ga ɓoyo, ga shiru. A littafi ko biyu daga ciki sun isa. Ba ita nake zargi ba, shi ne. Ita tsoro ya rufe mata baki. Haka na yi ta gaya wa kaina har gida.

Juma'a, 26 ga Oktoba

Na rubuta. Takarda ga jandarma, da Faransanci, da hannun hagu, babu suna, yadda wata mata ta yi a littafi na biyu. Sunan Jaye, inda rugar take, kamannin saniyar. Chindo zai tashi gobe da lodin gujiya. Na ce ya miƙa a ofishin jandarma a Maradi, kada ya faɗi daga wa. Ya juya takardar gaba da baya, ya dube ni, ya cusa ta cikin hula.

Asabar, 27 ga Oktoba

Takardar ta tafi. Mairama ta kawo nono, har ta ƙara mini ludayi ɗaya. Na kasa sha.

Lahadi, 28 ga Oktoba

Innalillahi. Dole in rubuta wannan.

Bayan azahar wani dogon tsohon Bafulatani mai malfa ya shigo gaida Gwaggo daga kasuwa. Kawu Bakari sunansa, ƙanen uwar Jaye. Ya sha ruwa, ya ce daga wajen Gidan Sori ya tako don ya ga jarsa, ko cikin na tafiya lafiya. Da ya fita na tambayi Gwaggo kamar ba komai.

Ta ce, "Ke ɗiyar birni, ba ki san habbanaye ba? In ɗan'uwa ya rasa garke, sai a ɗaure mishi saniya. Ta haihu uku, 'ya'yan nashi ne, uwar ta koma gida. Shi ya sa ake lallaɓa ta hiye da ta kai, ko dukanta ba a yi."

Na ce to me ya sa Mairama ta ɓoye mini sunan mai ita? Gwaggo ta yi dariya har da tari. "Kawun mijinta ne hwa! Ko yanka ta za a yi ba ta hwaɗin sunanshi. Wai mi kuke koyo lakol ɗin nan taku?"

Na shige ɗaki na zauna bakin gado. Ina ta ganin Jaye da igiya a ƙugu ana ratsa kasuwa da shi. Ko an sake shi bayan kwana uku, mutumin da aka zaga da shi haka ba ya ƙara zama gari. Tsohon nan ma zai kwance saniyarsa ya tafi. Duk ni na jawo.

Chindo ba zai dawo ba sai Talata.

Litinin, 29 ga Oktoba

Na rubuta kwanan wata ba daidai ba a allo, 'yan aji suka gyara mini. Duk ƙarar mota sai na leƙa taga.

Talata, 30 ga Oktoba

Takardar ba ta je ba! Ba ta je ba. Allah na gode maka.

Ina jin ƙugin motar Chindo na bar ajin wa dirakta, shugaban makarantar, na ce cikina ke ciwo. Na same shi bakin tasha yana alwala. Ko gaisuwa ban gama ba ya cire hula, ya zaro ta, ta yi laushi da gumi.

Ya ce, "Madam, ni ba ni kai takarda gidan jandarma ban san abin da ke ciki ba. Mai kaiwa shi ake zaunarwa a yi ta tambaya. In anka ce wa ya aiko ka, in ce wa?" Ashe wajen mai rubuta wasiƙu na bakin gidan waya ya kai ta, aka karanta masa. Ya ce da ya ji sunan Jaye sai ya yi dariya, don ranar da aka koro jar saniyar daga Gidan Sori, shi ya tsayar da mota suka wuce.

"Rabin shanun ƙasag ga kunnensu a tsage yake," in ji shi. "Ke dai ki ci gaba da koya ma yara baƙi."

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma daɗin ya fi kunyar yawa, wallahi. Ya ce bakinsa ƙanin ƙafarsa, babu mai ji. Na ce Allah ya saka, har sau nawa ban sani ba.

Na cusa ta ƙarƙashin tukunyar Gwaggo, na tsaya har ta zama toka. Gwaggo ta dube ni, ta dubi wutar. "Takardar saurayi?" Na ce i. Gara haka.

Laraba, 31 ga Oktoba

Na yi barci kamar an yi mini duka. Tuwo malmala biyu na ci. Yau ko ihun 'yan aji daɗi yake mini, na bar su suka yi waƙa har aka kaɗa ƙararrawa.

Na hango Jaye daga nesa yana kora su rijiya, sanda a kafaɗa, jar tana gaba. Bai san komai ba. Na tsaya ina kallo har suka ɓace.

Alhamis, 1 ga Nuwamba

Na buɗe littafi na uku, na kisan wani attajiri da nake ba matan gida labarinsa, da sanyin rai, sai na lura da abin da ban taɓa lura ba. Tun bai cafke na gaskiya ba, mai binciken ya sa an rufe mutum biyu. Mai gadi da wata 'yar aiki. A shafi na casa'in aka sake su, shi ke nan, ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Ina mai gadin ya koma? Matarsa ta karɓe shi? An mayar da shi aikinsa? Marubucin ko a jikinsa. Na duba na farko da na biyu, haka ne, kowanne da nasa mai gadin.

Na tuna sinimar da Yaya ya kai ni a Maradi. Duk fili ana ihu, "Ga shi nan bayanka! Shi ne!" Ni ma na yi ihun. Ashe ba shi ba ne, muka yi dariya muka ci gaba da cin gujiya.

Amsar mutumin jarida tana nan rabi. Har yanzu ban yarda da shi ba. Sata dai ba su koya mini ba.

Lahadi, 4 ga Nuwamba

An ga saniyar Cadakori. Garken surukin mai ita ta bi. Gwaggo ta ji a kasuwa. Na ce madalla, da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

Talata, 6 ga Nuwamba

Mairama ta ce in je Alhamis, jar ta kusa. Tana faɗa tana murna kamar ita za ta haihu. Komai ya wuce, babu wanda ya sani sai Chindo. To me ya tsaya mini a rai?

Alhamis, 8 ga Nuwamba

Na faɗa mata. Ban shirya ba. Tana dama fura, ni ina kallon hannunta, sai na ji bakina ya fara. Tun daga mai shela har hular Chindo. Na yi ta nanata cewa ba ta je ba, na ƙone ta.

Ba ta daina damawa ba. Can ta ce, "Ran nan hurammu kika sha, Madam."

Shi ke nan abin da ta ce. Ta miƙo mini ƙwaryar, na karɓa, na sha don ban san yadda zan ƙi ba. Ba ta raka ni ba. Na yi kuka a hanya, amma abin da ya tsaya mini ya sauka.

Asabar, 10 ga Nuwamba

Ba ta zo ba.

Litinin, 12 ga Nuwamba

Ba ta zo ba. Wata ce ta kawo nono, rabinsa ruwa. Gwaggo ta ce in ci gaba da labarin kama-ɓarawo, na ce muryata ta dushe. Ta ce, "Uhum."

Alhamis, 15 ga Nuwamba

Ta zo! Ina wanki na ji sallamarta, sabulu ya suɓuce mini.

Jar ta haihu shekaranjiya, mace. Shi ya hana Mairama zuwa, in ji ta. Ban tambaya ko shi kaɗai ne dalilin ba. Tana jaye da wata 'yar akuya fara mai baƙin wuya. Ta nemi turke da kanta, ta ɗaure ta gindin dalbejiyar tsakar gida, ta gwada igiyar.

Ta ce, "Shi ya ce in kawo miki." Sunan mijin ma ba ta faɗa. "Tawa ce. Ta haihu uku, ki maido mini uwar."

Na ce ni ban iya kiwo ba, Mairama, ban taɓa riƙe ko kaza ba. Ta ce ta sani. Na ce kin gaya masa duka? Ta ce duka. Bayan kwana biyu ya ce Madam baƙuwa ce, ba ta da kowa garin, ba ta da komai a turke, dole ta yi ta kallon na mutane.

Gwaggo ta saki baki. Ta ce shekara arba'in tana shan nonon Fulani ko zakara ba su ɗaure mata ba. Mairama ta yi dariya, ta sauke ƙwarya, ta zauna inda ta saba, ta ce, "To, wa ya kashe attajirin nan?" Na ce ban kai ƙarshe ba tukuna. Muryata ta dawo.

Lahadi, 18 ga Nuwamba

Akuyar nan sai a hankali. Ba ta cin harawa in ta taɓa ƙasa, ba ta shan ruwa in ina tsaye a kanta. Na sauya mata turke sau biyu saboda rana. Yaya ya aiko tambaya ko ya ƙaro mini wasu littattafan. Zan ba shi amsa, ba gaggawa. Ba wai na daina ba ne, lokaci ne babu.

Jiya na bar na ukun a kan tabarma na shiga sallar la'asar. Kafin in fito ta ja igiya ta kai gare shi, ta cinye shafukan ƙarshe kaf, har da rabin bangon. Daidai inda mai binciken ya tara su a falo zai nuna mutum da yatsa.

Na ruga wajen Gwaggo ina tambaya ko tawada na kashe akuya. Yau tun da sassafe na fita na taɓa cikinta, na duba kashinta. Lafiyarta lau, tana ta tuƙa. Sai da na dawo ɗaki na tuna ban san wanda ya kashe attajirin ba.